Sake Shi, in Ji Kyaftin Buba

Yaran da ke taruwa a shagon ƙanena nan Kafanchan, inda ake cajin waya, sun riga sun yanke hukunci cewa tuƙin jirgin sama ba wani aiki ba ne. Akwai wani wasa a wayoyinsu, sai mutum ya tashi daga Legas ya sauka ƙasar Turawa tun batirinsa bai cika ba. Ran nan 'yar ƙanen nawa, Rahila, wadda ta gama sakandare take kuma cika gida da maganar ita ma sai ta tuƙa jirgi, ta miƙo mini wayarta har gaban hancina.

"Baba Kyaftin, ka gani? Na yi landin lafiya lau. Abin fa izi ne."

Na ce, "To sa shi ya yi sitol mu gani."

Ta ce, "Wato in kashe masa inji?"

Sauran suka gyaɗa kai, har da wani ɗan acaɓa da ya ce shi ma mashin ɗinsa yakan yi masa sitol a hawan Kagoro. Nan na gane babu wanda ya san abin da yake faɗa a cikinsu. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don a shagon ba a barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa.

Sitol a jirgi ba mutuwar inji ba ne. Inji na iya ruri kamar zai tsage, farfela tana juyawa, jirgin kuma ya faɗo. Abin da ke riƙe jirgi a sama iska ce da ke bin bayan fiffike tana lafe da shi. In ka ɗaga hancin jirgin fiye da kima, iskar sai ta kasa bin fiffiken, ta rabu da shi. Da ta rabu da shi jirgi ya zama ƙarfe kawai, hanci ya sunkuya, ƙasa ta cika maka gilashi. A lokacin nan duk jikinka zai ce ka ja sitiyari ka ɗaga hancin. Wanda ya ja ya gama da kansa. Magani shi ne ka bar jan da kake yi, ka tura hancin ƙasa, wajen abin da kake tsoro, ka ba da totur duka, har iska ta dawo ta kama fiffike. Faɗarsa ba wuya. Amma kafin a bar ɗalibi ya tashi shi kaɗai, sai an kai shi can sama an sa ya jefa jirgin cikin sitol da hannunsa, ya kuma fitar da shi, yau da gobe, har hannun ya daina sauraron tsoro.

Ni mutum ne mai zargi, kowa a gidanmu ya sani. Matata takan ce ko gishiri ta miƙo mini sai na ɗanɗana kafin in yarda gishiri ne. Ba haka aka haife ni ba, sana'a ce ta mai da ni haka, kuma ba na neman magani.

Kayan aiki na farko da aka damƙa mini a makarantar koyon tuƙi ba sitiyari ba ne, wata 'yar kwalba ce mai tsinke a baki. Kullum kafin ka hau, za ka durƙusa ƙarƙashin fiffike ka tsiyayi mai a cikinta, ka ɗaga wa rana ka duba ko ruwa ya kwanta a gindi. Mai ba da mai ya rantse maka mansa tsabtatacce ne, kai dai duba. Akwai wani siririn bututu da ke auna gudun jirgi, shi ma sai ka leƙa bakinsa, don zanzaro na sha'awar gina ɗakinsa a ciki, kuma in ya gina, agogon gudu ƙarya zai riƙa yi maka. Sannan akwai 'yar ƙofar hon a gaban fiffiken hagu. Hon ɗin nan shi ne ke yi maka kuka in sitol ya kusa, kukansa kamar na ɗan akuyar da aka raba da uwarsa. Yadda ake gwada shi a ƙasa, sai ka shimfiɗa hankici a bakin ƙofar, ka sa bakinka ka zuƙa. In ya yi kuka, lafiyarsa ƙalau. Hankicin kuwa don kada ka haɗiye ƙwaro ne. Ku da kuke ganin matuƙi da farar riga da zanen zinariya a kafaɗa, ku sani ya sha sumbatar fiffike da sassafe.

Sunana Ishaku. A wani ƙauye na tashi ƙarƙashin duwatsun Kagoro, babana manomin citta da dawa ne. A gida yarenmu muke yi. Hausa a kasuwa na koye ta da kuma coci, irin Hausarmu ta nan wadda ba ruwanta da mace ko namiji, ba ta kuma tsaya jan wasali ba. Ku riƙe wannan, zai dawo. Mutanen garinmu da cocinmu ne suka tsaya har na samu shiga makarantar, wadda ba sai na ambaci sunanta ba. Ran da zan tafi fasto ya ɗora mini hannu, tsofaffin mata suka raka ni har bakin titi. Ɗan garinmu na farko da zai hau sama ke nan, kuma kowa ya tabbatar na ji haka da kunnena.

Malamin da aka haɗa ni da shi shi ne Kyaftin Buba, Bafulatani dogo siriri, ɗan wata ruga a wajen Kachia. Ya yi kiwo kafin ya shiga boko, daga nan ya daɗe a Kano da Zazzau har Hausarsa ta koma ta 'yan birni. Ba shi da yawan magana, ba ya yabo. In ka yi daidai sai ya kalli taga. A rediyo da cikin aji Turanci ake yi, haka doka take. Amma da ya ji daga inda na fito sai ya ce, "Ashe ɗan gida ne," kuma daga ranar, in abu ya yi zafi a sama, da Hausa yake yi mini magana. Da farko na ɗauki wannan a matsayin gata.

Sitol ɗin farko shi ya yi, ni ina kallo. Muka hau can sama nesa da gari, inda gonaki suka koma kamar facin zane. Ya sa na duba bel ɗina, na duba ba abin da ke yawo a cikin jirgin, muka juya hagu muka juya dama don tabbatar babu wani jirgi a ƙarƙashinmu. Sai ya rage totur. Injin ya yi laushi, ya riƙa jan sitiyari a hankali zuwa cikinsa, hanci na ɗagawa, allurar gudu tana sauka. Ya ce in taɓa sitiyarin in ji. Na ji ya yi lagwai-lagwai, kamar ba a haɗe yake da komai ba. Hon ya fara kuka. Jirgin ya kama makyarkyata, sannan hancin ya faɗi. Kafin in gama kiran sunan Yesu har ya tura, ya ba da wuta, ya daidaita fikafikai da fedar da ake takawa da ƙafa, muna tafiya sumul kamar ba abin da ya faru. Ya ce, "Ka gani? Jirgi ba ya son faɗuwa. Mutum ne ke tilasta masa."

Da shekarar ta tafi yadda ta fara, da ba ni da labarin ba ku. Amma shekarar ta lalace ta gefe biyu. Man jirgi ya yi wuya, jirage suka jeru a rumfa ana share musu ƙura, sai ka yi makonni ba ka tashi ba. Shugaban horo ya tara mu ya faɗa da bakinsa cewa man da ya rage ba zai ishi kowa ba, don haka duk ɗalibin da malaminsa ya ce ya kasa wani darasi bayan an ba shi dama, gida zai koma. Ba kwamiti, ba roƙo, kalmar malaminka ita ce hukunci. A daidai lokacin ne kuma rikici ya ɓarke a gida tsakanin manoma da makiyaya. Aka ƙone rumbunan wan babana, hanyar Kachia ta zama abin tsoro, labarai na zuwa makaranta guntu-guntu, kowane ya fi na jiya muni. A ɗakin cin abinci mutanen da da suke cin kwano ɗaya suka fara zama tebur daban-daban.

Da hanya ta ɗan lafa na je gida. Babana ya ja ni bayan rumbu, ya rage murya.

"Wannan malamin naka, an ce Fulani ne?"

Na ce, "I, Baba. Amma mutumin kirki ne."

Ya ce, "Ban ce ba kirki ba. Amma in ku biyu kun hau, wa yana ganin ku? Sama ba shi da shaida. Ka buɗe ido, Ubangiji ya tsare ka."

Na koma makaranta da wannan maganar a kunne, kuma ran da layina ya zo, darasin sitol ne, ni zan yi da hannuna.

Na yi komai yadda aka koya mini. Na rage totur, na ja, hon ya yi kuka, jirgi ya yi makyarkyata, hanci ya faɗi. Na fara sassauta sitiyarin, a ɗan tsorace dai, ba da ƙarfi ba. Sai na ji muryarsa a abin kunnen da muke jin juna da shi, da sauri: "Sake shi. Sake shi."

Abin da na ji shi ne in maimaita. Wato sitol ɗin bai yi masa ba, in sake wani nan take. Na yi mamaki, don littafi ya ce kada ka ja kafin gudu ya dawo. Amma malami ya yi magana, ɗalibi kuma ba ya gardama a sama. Na ja. Jirgin ya sake shiga sitol, wannan karon da fushi, fiffiken hagu ya faɗi, gonaki suka fara juyawa a gabana kamar faifai. Ya ce, "Jirgi yana hannuna," na cire hannuwa. Ya taka feda, ya tura, ya fitar da mu. Muka sauka.

A ƙarƙashin fiffike ya tsaya ya dube ni.

"Na ce ka sake shi. Me ya sa ba ka sake shi ba?"

Na ce, "Na sake shi, Kyaftin."

"Ka sake shi?"

"Na sake shi mana. Kana faɗa na yi."

Ya ce, "To," ya tafi. Ni kuwa na tsaya ina lissafi. Mutum ya sa ni abin da littafi ya hana, na yi, ya dawo ƙasa ya ce ban yi ba. Wa zai ba da shaida? Maganar babana ta dawo mini daram, na ji tsoro, na kuma ji haushi.

Tashi na gaba ya fi muni. Na shiga da niyyar in nuna masa ba zai kama ni da rashin biyayya ba. Hanci na faɗuwa, ya ce, "Sake shi," na ja da ƙarfina duka, har ya buge mini hannu kafin ya karɓi jirgin. Mun zubar da tsayi mai yawa ranar, na ga wata mata da tulu a kai ta tsaya tana kallonmu, kuma bai kamata a ce ina iya ganin tulun ba. Da muka sauka ya ce saura dama ɗaya, in abin ya maimaitu zai gaya wa shugaban horo ba zan iya ba.

Daga nan na sa masa ido, sai na ga abubuwa. In na gama duba jirgi, sai ya bi bayana ya sake dubawa, abin da ba ya yi wa sauran ɗalibansa. Ya fara tambayar me ke cikin jakata kafin in shiga. Na tuna kuma a tashin ƙarshe ya ajiye tafin hannunsa a bayan nasa sitiyarin, kamar mai tare ƙofa. Na ce a raina, ga shi nan, yana neman abin da zai ɗora mini. Ni ma sai na koma bin bayansa. In ya taɓa ƙofar hon, sai in dawo da hankicina in zuƙa, ko ya cusa wani abu. In ya duba mai, in sake tsiyaya. Makanikai suka riƙa yi mana dariya, suna cewa jirginmu ya fi kowane jirgi a ƙasar nan shan dubawa. Na nemi shawarar wani abokina ko in roƙi a canza mini malami. Ya ce a wannan shekarar duk wanda ya canza malami ƙarshen layi zai koma, ƙarshen layi kuwa babu mai, wato gida ke nan ta wata ƙofar. Na tuna matan da suka raka ni bakin titi, na haƙura.

Ana gobe gwajin ƙarshe, da la'asar, hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin. Jirginmu na waje a ɗaure. Ƙananan jiragen nan ana ɗaure su da igiya a ƙarƙashin kowane fiffike da wutsiya, a kan ƙarfen da aka kafa a ƙasa, don iska mai ƙarfi tana iya kifar da su. Aka ce a shigar da su rumfa kafin ruwa ya sauko. Kyaftin Buba ya kama ƙarfen da ake jan tayar gaba da shi, ni ina wajen fiffiken dama. Ya nuna igiyar da haɓa ya ce, "Sake shi."

Na dubi ƙullin. Ni na ɗaure shi da safe, kuma ban ga laifinsa ba. Na ce a raina, yanzu kuma har ɗaurin igiya ban iya ba. Na kwance, na sake ɗaurewa, na ja tamau.

Ya ce, "Ishaku, sake shi mana, ruwa na zuwa."

Na kwance, na sake ɗaurewa, wannan karon da ƙulli biyu, na miƙe ina kallonsa ido cikin ido.

Ya ajiye ƙarfen a hankali. Ya tako har inda nake, ya dubi igiyar, ya dube ni. Ruwa ya fara ɗiga a kan fiffike.

"Me kake yi?"

"Ka ce in sake ɗaurin. Na sake."

Na ɗauka zai mare ni. Sai ya tsuguna, irin tsugunon makiyaya, ya kama igiyar.

"In ka kama ɗan akuya, uwarka tana so ka bar shi ya tafi, me za ta ce maka?"

Na ce, "Sake shi."

"In ka yi shara ba ta yi kyau ba fa, tana so ka maimaita?"

"Sake shi."

"A kunnenka ɗaya ne?"

Na ce, "Ɗaya ne mana, Kyaftin. Da biyu ne?"

Ya ce, "Saurara." Ya faɗi na farko a gajarce, kamar an datse shi. Ya faɗi na biyu yana jan farkonsa, sa-a-ke shi. Ya maimaita su, gajere da dogo, ruwa na dukanmu. Sai a lokacin na ji ɗan bambancin, shi ma da ƙyar. Gajeren na saki ne, dogon na maimaitawa. Bahaushen Kano ba ya taɓa haɗa su. Mu a kasuwar Kafanchan bakinmu ɗaya yake fitar da su, abin da ake ciki ne ke gaya mana wanne ake nufi. Ko a takarda rubutunsu ɗaya, ga shi kuna gani. To a cikin jirgi, inji na ruri, hon na kuka, abin kunne na ƙara, duka ma'anonin biyu suna iya zama. Shi yana cewa in saki sitiyari, ni ina jin in sake sitol. A ƙasa kuma in ya ce ban sake shi ba, in ce na sake shi, kowa gaskiya yake faɗa, kowa kuma yana ganin ɗan'uwansa maƙaryaci.

Kada ku ɗauka nan take na rungume shi. Muka kwance igiyoyi muka tura jirgi rumfa, ba wanda ya yi dariya. Ni har na kwanta ina juya abin. Na ce watakila gaskiya ne, watakila kuma ya ga asirinsa zai tonu ne ya nemi mafita. Igiya a ƙasa take. Abin da zai faru a sama, inda babu shaida, shi ne zan gani.

Da safe na tsiyayi mai, na zuƙi hon, ya tsaya yana kallo bai bi bayana ba. Kafin in tayar da inji ya ce, "Daga yau wannan kalmar ba ta shiga jirgin nan. In ina so ka tura, zan ce tura. Kuma duk abin da na faɗa maka, ka mayar mini da shi da wata kalma daban, in ji abin da kunnenka ya ji."

Na ce, "Wato in faɗa maka da bakina abin da na fahimta."

Ya ce, "Ka fara ke nan."

Muka hau. Sama ta wanku bayan ruwan jiya, ana hango duwatsu can kudu. Na duba hagu da dama, na rage totur, na fara ja. Sitiyari ya yi laushi, hon ya kama kukan ɗan akuyarsa. Na saci kallon hannunsa, na ga ya ɗora su duka biyu a kan gwiwa, babu mai tare komai. Jirgi ya yi makyarkyata, hanci ya faɗi, fiffiken hagu ya fara zamewa kamar yadda ya saba yi mini. Ina jiran in ji tura. Bai ce komai ba. Ƙasa ta cika gilashi, hannuna na so ya ja, na ƙi, na tura, na ba da totur duka, na taka fedar dama har zamewar ta tsaya. Na ji iska ta dawo ta kama fikafikai, sitiyari ya yi nauyi a hannuna kamar an mayar masa da rai. Sai da allurar gudu ta hau sannan na ɗaga hanci a hankali. Na juya in ga fuskarsa, na tarar yana kallon taga.

Ya sa na yi wani da ƙananan fikafikan da ake buɗewa in za a sauka, na yi wani ina cikin shan kwana. Kowanne ya fita. Muka koma.

Ina ɗaure igiya ne ya yi maganar, bai ma dube ni ba.

"Ka san abin da na ɗauka? Na ɗauka so kake ka kashe mu."

Na tsaya da igiya a hannu.

Ya ce, "An ƙone rugar babana a makon da ka je gida. Ka dawo, na ce ka saki, ka ja. Na tambaye ka, ka dube ni ka ce ka yi. Me zan ɗauka?"

Na ce, "Ni kuma na ɗauka so kake a kore ni."

Ya ce, "Na sani. Na ga kana zuƙar hon bayana."

Na ce, "To Kyaftin, in haka ka ɗauka, me ya sa ka ci gaba da hawa da ni?"

Ya ce, "In na faɗi abin da nake zargi, ba kora kawai za a yi maka ba, har abada ba za ka ƙara taɓa jirgi ba. Ni kuma ban tabbatar ba. Ba na yanke wa mutum hukunci da zargi, dubawa nake yi da shi." Ya ja igiyar ya ga ta ɗauru, ya tafi ofis ya gaya wa shugaban horo in ci gaba.

Bai ba ni haƙuri ba, ban ba shi ba, kuma har yau ban ga dalili ba. Akwai abin da ya lalace a jirgin nan, mu biyun mun ji a jikinmu, mun yi ta nema. Mun duba mai, mun duba hon, mun duba juna. Bakinmu ne kawai ba mu duba ba.

Na yi shekaru ina tuƙa ƙananan jiragen haya, daga baya na koma koyarwa. Na ɗauki 'yan siyasa masu cewa su kaɗai ne, sai ka ga sun iso da mutum biyar da akwatuna. Na ɗauki wani ɗan kasuwa da ya rantse jakarsa tufafi ce, na ɗaga na ji nauyi, na buɗe na tarar da busasshiyar citta danƙare, wai tsaraba. Ba na yarda da nauyin da fasinja ya faɗa, sai na ɗora a sikeli, don jirgi mai nauyi ya fi saurin shiga sitol, kuma ba ya jin ranka ya daɗe. Ɗalibai kuwa na koyar da Bayarabe, na koyar da Bajju, na koyar da Bakano, kowa da kunnen da ya zo da shi daga gidansu. Duk wanda ya zauna a gefena doka ɗaya ce: abin da na faɗa, mayar mini da shi da wata kalma. Wanda ya ce mini "na gane" kawai, shi na fi zargi. Rahila, in da gaske kike, wannan za ki fara koya kafin wayarki ta sake gaya miki kin yi landin.

Da wayar hannu ta zo, Kyaftin Buba ya riga ya yi ritaya ya koma wajen Kachia yana kiwon 'yan shanunsa. Ya samu lambata, ya mai da shi al'ada, duk Kirsimeti sai ya kira, ni kuma in kira shi da Sallah. Ba ma sallama. Ina ɗagawa zai ce, "Ishaku, sake shi." Ni kuma in ce, "Wanne, gajere ko dogo?" Kullum sai ya ce dogo, wato Allah ya maimaita mana. Sannan mu tambayi iyali, mu yi maganar ruwa da farashin citta. An sha yin wasu rikice-rikicen bayan wancan, wayar ba ta taɓa fashi ba.

Kirsimetin bara muna dawowa daga coci waya ta yi ƙara, lambarsa ce. Na ɗaga ina jiran kalmar, sai na ji muryar da ban sani ba. Ya ce shi babban ɗan Kyaftin Buba ne.

Ya ce, "Baba Ishaku, Baffa ya bar saƙo. Ya ce in Kirsimeti ta zo in kira ka, in gaya maka wannan karon gajeren ne."

Na tsaya a bakin hanya, mutane na wuce ni da kayan coci. Na ji sarai. Amma ni ban taɓa yarda da kunnena ba tun ranar igiya, don haka na ce masa ya faɗa mini da wata kalma daban.

Ya faɗa. Na ce Allah ya jiƙan Kyaftin Buba.